Abin Lura: Inda Ake Sauke Baƙo

Yelwan Yauri gari ne da ya saba da baƙo. Tun zamanin da fatake ke ƙetare kogin Neja ta wannan yanki a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, har zuwa yau da manyan motoci ke lodin albasa da bandar kifi su nufi Kudu, garin bai taɓa kwana babu baƙo a cikinsa ba. Don haka mutanen bakin ruwan nan, daga Shanga har Wara, sun san ƙa'idar saukar baƙo tun suna yara. Mai masauki zai ba ka ɗaki a ƙofar gida, a shimfiɗa maka tabarma, a aiko yaro da ruwa da tuwo. Zai raka ka kasuwa, ya tsaya maka a ciniki, ya karɓi la'adarsa. Amma iyakarka zaure. Ba za ka ga inda yake ajiye takardun gona ba, ba za ka san ɗakin da ake ɓoye kuɗin adashi ba, kuma ranar da halinka ya fito fili kayanka kawai za a miƙo maka, gida na nan yadda yake. Babu mai kiran wannan rowa. Da haka ne ake iya saukar mutane shekara da shekaru ba tare da gida ya watse ba.

Abin mamaki, wannan wayon yakan tsaya a bakin ƙofar shagon kwamfuta ya ƙi shiga.

Ɗauki irin shagon da kowa ya sani a gefen tasha ko bayan kasuwa. Laftof guda ɗaya ta hannu, wadda aka sayo daga Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, sai firinta, sai na'urar lamineshin, sai ɗan janareta a waje, don maƙwabtaka da madatsar Kainji ba ta sa wuta ta zauna ba. A cikin laftof ɗin nan akwai sakamakon jarabawar makarantu, da katunan biki, da yarjejeniyar sayar da jirgin ruwa, da aikin kammala karatu na ɗalibin da ke Aliero ko Birnin Kebbi. Jarin mai shago da amanar jama'a duk suna cikinta. Kuma tun safe baƙi ke shigowa, kowane a aljihun mai shi.

"Salamu alaikum. Samari, ga filash, ka fitar mini da jarabawar 'yan aji uku."

"To Malam, bismilla, ga benci."

Yaron shago ya soka filash ɗin. Foldoji suna nan da sunayensu, sai dai kowace ta fito da 'yar kibiya a gindinta, alamar ba ita ba ce, inuwarta ce.

"Malam, ina aka sa filash ɗin nan?"

"Jiya dai ɗan wajena ya kai shi wurin masu tura fim."

Malam na sauri, ga wasu na jira. Yaro ya danna sau biyu. Jarabawa ta buɗe, aka buga, Malam ya biya ya tafi yana sa albarka. Abin da ba wanda ya gani shi ne ɗan bairos ɗin da ke ɗaure da inuwar nan ya riga ya sauka, ya sa kansa cikin jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows, kuma daga yanzu duk filash ɗin da ya shigo shagon zai fita da guzuri. Da yamma Oga ya dawo ya tarar kwamfuta na jan ƙafa.

"Kai, me ka sa mata?"

"Wallahi Oga, filash ɗin Malam ne kawai."

"To sai fomat."

Fomat kuwa shi ne a rushe gida don a kori mutum ɗaya.

Alhali masu wannan sana'a sun daɗe da dabarar gina ɗakin ƙofar gida a cikin kwamfuta. Ana girka wata manhaja, irin su VirtualBox ko VMware Workstation, sai ta yanki wani ɓangare na ƙarfin kwamfutarka ta haɗa wata kwamfutar a ciki. Ta cikin tana da nata ram, da nata rumbun ajiya, da nata hanyar shiga intanet, duk na aro. Kai kuma ka girka mata babbar manhajar da kake so, Linux ko wata Windows ɗin daban, ta tashi a taga guda kamar yadda Word ke buɗewa. Ita a ganinta ita kaɗai ce a gidan. A wajenka kuwa, ita da duk abin da ke cikinta 'yan fayiloli ne a folda ɗaya, za ka iya kwafe su, ka ajiye su, ko ka goge su ka huta.

Dabarar ta girmi yawancin masu shagunan yau. Kamfanin IBM ya fara ta a shekarun 1960, lokacin da kwamfuta guda ke cika ɗaki, kuɗinta kuma sai gwamnati ko babban banki, don haka dole a raba ta tsakanin mutane da yawa ba tare da wani ya taɓa aikin wani ba. A 1972 ya fitar da ita kasuwa da sunan VM/370. VMware ne ya sauko da ita kan kwamfutar tebur a 1999. Daga nan Intel a 2005, AMD kuma a 2006, suka gina tallafinta a cikin ƙwaƙwalwar injin kanta. VirtualBox kuwa wani ƙaramin kamfanin Jamus ne mai suna Innotek ya yi ta, ya sake ta kyauta a 2007, Sun ya saye shi a 2008, sannan ta koma hannun Oracle a 2010, har yau kuma ba a biyan ko sisi kafin a sauke ta. Ita ma VMware Workstation Pro ta zama kyauta a 2024. Ke nan kusan duk laftof mai Core i5 da ke aiki a Yelwa ko Wara tana da wannan ɗaki, a kulle kawai yake. Mai son ya tabbatar ya danna Ctrl da Shift da Esc tare don Task Manager ya buɗe, ya shiga Performance, ya duba CPU. A ƙasa zai ga layin Virtualization. In an rubuta Disabled, sai ya kashe kwamfutar ya kunna, ya shiga BIOS ya buɗe shi, yawanci da F10 a HP, da F2 a Dell.

Samun ɗakin ba shi ne iya sauke baƙo ba. Abu uku mai gida ke yankewa tun kafin a shimfiɗa tabarma.

Na farko, abinci. Daga tukunyar gida baƙo ke ci. Duk ram ɗin da ka ba kwamfutar ciki, ka rage shi ne daga ta waje muddin tana kunne. Laftof mai giga 4, Windows 10 kaɗai na cinye kusan rabi kafin ka buɗe komai, don haka in ka ɗora mata wata Windows ɗin, dukansu biyun za su kwana da yunwa: linzami ya riƙa maƙalewa, fanka na kuka, batir na zuba. Mai irin wannan ya nemi ƙaramar Linux kamar Lubuntu, ya ba ta abin da bai wuce giga ɗaya da rabi ba, ko ya fara ƙara ram tukuna. Mai giga 8 zai iya ba da 3 ko 4 hankali kwance. Ƙa'idar dai kada a wuce rabi. Daidai ruwa daidai tsaki. Wajen rumbun ajiya kuma, giga 25 zuwa 30 sun ishi Linux, a zaɓi nau'in da ke girma a hankali gwargwadon abin da aka zuba, kada ya kame wurin gaba ɗaya tun ranar farko. A kuma tuna manhajar Linux Mint kaɗai ta kusa giga 3 wajen saukewa, don haka gara mutum ɗaya ya sauke ya raba wa abokan sana'a, kowa ya tsira da datarsa.

Na biyu, ƙofa. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin da hannunsu. VirtualBox na ba da damar buɗe folda ta tarayya tsakanin ta waje da ta ciki, da damar kwafe rubutu daga nan a liƙa can, da jawo fayil da linzami. Duk suna da daɗin aiki, kuma kowace ƙofa ce. Wanda ya mayar da rumbunsa gaba ɗaya folda ta tarayya ya sauke baƙo a zaure ne sannan ya miƙa masa makullin kowane ɗaki. Folda ɗaya ta isa, wadda babu komai a cikinta sai abin da ake miƙawa a lokacin. In abin da za a gwada ba ya bukatar intanet, a cire masa shi daga saitin Network.

Na uku, hanyar fita. Da zarar ka gama girka kwamfutar ciki tana tsaf, ka danna Snapshot. Wannan zai riƙe halin da take ciki a wannan lokacin. Duk abin da ya faru daga baya, ko bairos ne ko manhajar da ta birkita komai, kana danna Restore za ta koma yadda take cikin ƙasa da lokacin shan shayi. Ba fomat, ba neman direban firinta, ba rarrashin kwastoma.

Yanzu koma kan filash ɗin Malam. A shagon da aka yi wannan shiri, yaro ba zai buɗe shi a Windows ba. Zai tura shi kai tsaye cikin Linux ta jerin Devices, sannan USB. A can inuwoyin nan masu kibiya ba su da ƙafar tafiya, don an yi su ne domin Windows, kuma foldojin gaskiya da bairos ya ɓoye za su bayyana. Sai ya kwafe jarabawar kaɗai zuwa folda ta tarayya, ya bar manhajar tsaro ta duba ta, ya buga. In yana da kirki ya goge wa Malam sharar, ya ce, "Malam, a daina ba yara shi." Wanda kuma ke da Windows 10 ko 11 nau'in Pro yana da wata sauƙaƙƙiyar hanya, Windows Sandbox, wadda Microsoft ya ƙara tun 2019. Ana kunna ta daga Windows Features. Tana buɗe sabuwar Windows fes, ka jefa mata manhajar da aka turo maka ta WhatsApp ka ga halinta, kana rufe tagar komai ya shafe.

Akwai kuma wanda ba baƙo ba ne, tsohon ɗan gida ne da ƙarfinsa ya ƙare. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, ta Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da masu shirin ƙarin wa'adi. Amma shaguna da yawa na riƙe da tsohuwar saboda wata na'urar sikanin da ba ta jin yaren sabuwa, ko tsohon CorelDRAW da hannu ya saba da shi. Haɗa irin wannan da intanet kasada ce. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle fayilolin mutane a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, kuma kwamfutocin da ba a sabunta ba ya bi. Mafita ita ce tsohuwar ta koma cikin taga, a yanke mata intanet, ta ci gaba da aikinta na zane da sikanin. In laftof ɗin ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman ɗan abin tsaron nan da ake kira TPM 2.0, Linux Mint za ta iya riƙe gidan.

Sai dai kada a ɗora wa dabarar abin da ba nata ba. Wanda ya rubuta lambar sirrin bankinsa a shafin bogi, ko a kwamfutar ciki yake ko a ta waje, kuɗinsa sun tafi. Windows ɗin da aka sa a ciki ita ma tana bukatar lasisinta. Kuma aikin kwamfuta biyu a jiki ɗaya na cin wuta, don haka a kashe ta ciki in an gama, musamman ranar da ake lissafin man janareta.

To, duk wannan a kan babban baƙo ne, wanda girmansa kaɗai ke sa a yi hattara da shi. Darasin da ya fi tsaya mini yana wajen ƙananan.

Wanda ya yi zamani da Windows Vista ko Windows 7 zai tuna 'yan kayan ƙawar nan da ake jerawa a gefen fuskar kwamfuta: agogo mai hannu, kalanda, hasashen yanayi, ma'aunin gudun inji mai kama da na mota, hotuna masu sauya kansu. Yayinsu ya fara da wata manhaja mai suna Konfabulator a 2003, wadda Yahoo ya saya a 2005, shekarar da Apple ma ya kawo nasa Dashboard. Microsoft ya biyo baya a 2007 da Sidebar. Samari sun so su ƙwarai, don su ne ke nuna kwamfutar ta ɗan gaye ce. Kowa na iya ƙera nasa ya watsa a intanet, kowa kuma na saukewa ba tambaya. Waye zai ji tsoron agogo?

A watan Yulin 2012 Microsoft da kansa ya fitar da gargaɗi cewa a kashe su, ya kuma ba da abin kashewar. Dalili shi ne waɗannan 'yan abubuwan suna aiki ne da cikakken ikon mai kwamfutar. Abin da duk kake iya buɗewa, su ma suna iyawa. Abin da kake iya gogewa ko aikawa, su ma haka. Mugu zai iya naɗe mugun aiki a cikin kyakkyawan agogo, kyan ɗan maciji ke nan. Da Windows 8 ta fito a wannan shekarar babu su a ciki. Apple ma ya cire Dashboard a 2019.

A lura da yadda lamarin ya juya. Babbar manhaja sukutum, da duk tarkacenta, tana zaune lafiya ba ta cutar da kowa saboda an yi mata iyaka. Ɗan agogon da bai kai girman kwalin ashana ba ya zama abin tsoro saboda an wuce da shi ƙuryar ɗaki. Ashe haɗarin baƙo yana wajen da aka sauke shi ne da abin da hannunsa ke iya kaiwa.

Kayan ƙawar sun dawo da sabon salo. A 2021 Windows 10 ta samu akwatin labarai da yanayi a kan layin ƙasa, Windows 11 kuma ta zo da allon Widgets. Waɗannan sun fi na da tsaro, amma cinsu na nan: suna riƙe ram, suna jawo labarai da hotuna daga intanet ko ba ka tambaya ba. Ga wanda ke haɗa laftof da wayarsa a Zamare ko Ngaski yana lallaɓa giga guda ta kai shi mako, wannan kuɗi ne ke zuba. A Windows 10 ana danna dama a kan layin ƙasa, a shiga News and interests a kashe. A Windows 11 ana shiga Taskbar settings a kashe Widgets. Sannan a shiga saitin intanet a kunna Metered connection, don kwamfutar ta san datar nan a mudu ake auna ta. Ban ce a share komai ba. Mai nuna lokutan salla yana da aiki, haka hasashen iska da hadari ga wanda zai hau ruwa a farkon damina. Tambayar da za a yi wa kowane ita ce: abin da kake gaya mini, ina yin wani abu da shi? Kuma waye ya ƙera ka?

Magadan waɗancan agogunan na gaskiya ma yanzu ba a fuskar kwamfuta suke ba. Suna cikin 'yan ƙare-ƙaren da ake liƙa wa Chrome don sauke bidiyo, masu neman izinin karanta duk shafin da ka buɗe, har da na banki. Suna kuma cikin waya. Manhajar ba da rance 'yar mitsitsiya ce, launinta mai kyau, alkawarinta kuɗi cikin minti biyar. Kafin ta ba ka sai ta ce ka bar ta ta ga lambobin mutanenka da hotunanka, kai kuma ka danna amincewa don kana sauri. Ranar da biya ya yi jinkiri, saƙon cin mutunci zai isa wayar surukinka da ta limamin unguwa. Abin ya yi ƙamari a Najeriya har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta far wa irin waɗannan kamfanoni a 2022, Google kuma ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotuna daga 2023. Duk da haka masu zuwa ta bayan fage, a turo maka su a saƙo, ba su ƙare ba.

Shi ya sa tambayoyin nan uku suka wuce kwamfuta: me zai ci, ina hannunsa zai kai, ta ina zai fita in abin bai yi ba? Manomin albasa da aka kawo wa sabon iri, in ya gwada shi a 'yan fangali kaɗan ya bar sauran gonar da wanda ya sani, ya amsa su duka. In iri ya yi kyau baɗi ya faɗaɗa, in ya ƙi bai yi asarar shekara ba. Waɗanda suka zuba jarinsu kaf a harkar ninka kuɗi ta MMM kafin ta tsaya a Disambar 2016, ko a irinta ta CBEX kafin ta rufe a Afrilun 2025, ba su amsa ko ɗaya ba, musamman ta ukun. Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba, ta wanda tsoro ya sa ya ƙi komai. Yaron da aka hana taɓa kwamfutar shago don kada ya lalata ta, zai shekara biyar bai wuce buga takarda ba. In aka ba shi kwamfutar ciki aka ce ya yi yadda ya ga dama, zai girka, ya ɓata, ya mayar, ya sake, har ya koyi Linux ɗin da yawancin manyan injinan intanet ke aiki da ita, ba tare da fayil ɗaya na kwastoma ya salwanta ba. Iyaka ce ke ba mutum ƙarfin halin gwaji.

Don haka mai shago ya ware yammaci guda da babu cunkoso. Ya fara kwafe muhimman fayiloli zuwa wani rumbun daban, don babu dabarar da ke maye gurbin wannan. Ya buɗe abin da ke kulle a BIOS, ya girka VirtualBox da ƙaramar Linux, ya ɗauki Snapshot, ya duba jerin Startup a Task Manager ya sallami duk abin da bai san wanda ya gayyato shi ba. Sannan ya zaunar da yaronsa ya sa shi ya maimaita da hannunsa har ya iya, don shi ne ke karɓar filash in Oga ya tafi masallaci. Man da janareta zai sha a wannan yammacin bai kai kuɗin fomat ɗaya ba, balle kunyar gaya wa shugaban makaranta cewa sakamakon ɗalibansa ya ɓata.